Fuskar Baba a Bangon Wasu

Mahaifina bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ko katin zaɓe bai yanka ba, don an ce sai an ɗauki fuskarsa. Ranar ɗaurin aurena da masu hoto suka zo, zamewa ya yi ya shige masallaci, bai fito ba sai da suka naɗe kayansu. Ba malami ba ne. Mai mazarƙwaila ne a Kudan, rake yake nomawa a fadama, ya matse, ya dafa. Amma akwai abu ɗaya da ya riƙe tun yana ƙarami ya ƙi saki: wanda ya suranta abu mai rai, ranar gobe za a ce ya busa masa rai, kuma ba zai iya ba. Malamai nawa suka gaya masa akwai sassauci a maganar, ya ce su riƙe sassaucinsu, shi ba zai shiga kabari da wataƙila ba.

To wannan mutumin ne Allah ya ba ɗan fari mai zane.

Tun ban san damana da haguna ba nake ɓata bangon mutane da gawayi. Da ya ga duka bai hana ni ba, sai muka yi yarjejeniya. Itace, fure, masallaci, rubutu, duk in zana. Mai numfashi kuwa babu. Na ce na ji. Alkawarin nan na riƙe shi daidai tsawon hanyar Kudan zuwa Makarfi, inda na buɗe rumfar rubuta allunan shaguna. A can mai aski kawuna yake so a zana masa, mai kaji zakara yake so, direbobin manyan motoci kuma sai zaki mai buɗaɗɗen baki a bayan mota. Ni kuwa ba zan kori mutum da aikinsa don zakara yana da rai ba. Baba ya sani mana, ai kasuwar Makarfi yake kai mazarƙwailarsa. Sai dai in zai wuce rumfata yakan amsa gaisuwata yana kallon tsallaken titi. Haka muka yi shekaru, shi bai tambaya ba, ni ban faɗa ba.

Fim kuwa ba ni na neme shi ba. Wasu 'yan fim ne daga Kano suka zo ɗaukar wasa a wani ƙauye wajen Ikara, tsohon gida suke so, har sun zaɓa. Ranar da suka iso da kyamara suka tarar mai gidan, da ya ji duniya za ta ga gidansa, ya yi masa sabon yaɓe ya shafe shi fes da farar ƙasa. Daraktan kamar ya ɗora hannu a ka. Wani direbansu da na taɓa yi wa zaki ya ce akwai wani mai fenti a Makarfi. Na je da toka da dafaffen ganyen shayi da tsumma, kafin la'asar bangon nan ya yi shekara arba'in. Daga ranar ba su sake ni ba. Ni ne mai tsufar da gida, ni ne mai haɗa jini da zoɓo da sitaci, ni ne mai gina kurkuku da kwali. Masu cewa aikin fim wasan yara ne su zo su sa kwali ya zama ƙarfe a idon kyamara tukuna, sannan mu yi magana. A tsakanin aiki da aiki ina nawa zanen, fadamun Kudan da ranar kasuwa, har an taɓa rataye wasu a Zariya mutane suka zo kallo. Kaina ya ɗan kumbura a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Abin da zan faɗa ya faru ne a wani gida a Kano da muka ara don ɗaukar wani fim. Labarin wata yarinya ce da mahaifinta ya rasu. Da safen ranar ɗaukar, darakta ya zo mini wai yana son babban hoton marigayin a bangon falo, kuma dattijon da aka shirya za a ɗauka bai zo ba. Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce in zana ko wane tsoho, awa uku ya ba ni. Muka yi cacar baki, na yi masa tas kamar yadda na saba, sannan na jingine falanki a bayan gida na fara.

Ban yi niyyar kowa ba, Allah ne shaidata. Tsoho kawai na nufa. Amma hannu yana da abin da ya sani. Na yi hula, ta zauna a ɗan karkace. Na yi gemu, fari a tsakiya, baƙi a gefe. Na yi idon hagu ya fi na dama ƙanƙancewa, irin na wanda ya daɗe a bakin hayaƙi. Har tabon ƙuna na sa a kunci, inda tafasasshen ruwan rake ya taɓa fallatsowa. Sai da na gama na ja da baya don in duba aikina, na ga Baba yana kallona.

Ina da lokacin gogewa. Da na shafe tabon na sauya hancin, cikin minti goma ya zama wani. Ba sauri ne ya hana ni ba, kyau ya yi. Tun da nake riƙe burushi ban taɓa yin abin da ya kai shi ba, kuma na sani a take. Na ce a raina wa zai gani a Kudan, Baba da ko rediyo sai labarai. Na bari ya bushe, na sa masa firam, na rataye shi da hannuna.

Aka kunna fitilu. Jarumar ta tsaya gaban hoton tana kuka tana cewa Allah ya jiƙanka Baba, maza uku a bayanta suka ɗaga hannu suna fatiha. Sau biyar aka maimaita, don darakta bai gamsu da hawayen ba. Ina tsaye bayan mai kyamara ina kallo. A karo na uku ne na ji bakina ya ce amin tare da su.

Fim ya fita, aka kalla, aka wuce wurin, ni ma na kusa mantawa. Sai bayan kusan shekara abin ya iso gida, ta hanyar da ban taɓa zato ba. Baba yana da ƙanwa guda da ta rage masa, Gwaggo, tana aure a Furana tun kafin a haife ni. Tsohuwa ce mai hawan jini, ba ta kallon fim, ba ta ma san yadda ake yin sa ba. Wata rana da hantsi tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, matar ɗanta na gefe tana kallo a waya, sai kukan jarumar nan ya ja hankalinta ta leƙa. Ta ga yayanta a bango, ta ga yarinya na kuka, ta ga maza sun ɗaga hannu.

Matar ɗan ta ce mata ai wasan kwaikwayo ne. Gwaggo ta ce wane irin wasa, ga tabonsa nan. Kuma hujjarta ba ta wauta ba ce. Ta ce Yaya da ransa da lafiyarsa ba zai tsaya a ɗauke shi ba, in har ga hotonsa, to babu shi. Ta ce ɓoye mata aka yi saboda ciwonta, kamar yadda aka ɓoye mata rasuwar yayarsu har sai da aka yi bakwai. Aka kira wayar ƙanena, yana fadama, ba ta shiga. Gwaggo ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta yafa mayafi ta hau babur zuwa Ikara, ta shiga mota zuwa Makarfi, ta sake wata zuwa Kudan, tana kuka tana gaya wa duk wanda ya tambaye ta a hanya cewa yayanta mai mazarƙwaila ne ya rasu.

Ba na nan, ƙanena ne ya ba ni labarin. Tun daga bakin layinmu ta fara salati. Maƙwabta suka ji, mata suka fara shigowa. Inna, mahaifiyarmu, ta fito daga madafa ta ji ana cewa Malam ya rasu, ta ɗauka a gona ya faɗi, ta zube a nan. Kafin a gane kan zancen har wasu dattawa sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ana cikin haka Baba ya ɓullo daga fadama a kan kekensa, da ɗaurin rake a baya. Ya sauka, ya jingine keken, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban mutanen da ke kan tabarmar ya ce, "Wa muka rasa?"

Washegari aka kira ni aka ce Baba na nemana. Na same shi a zaure bayan azahar. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya ce da ƙanena ya nuna masa abin. Ya riƙe wayar da hannu biyu, nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Hannunka ne?" ya tambaye ni.

"Nawa ne, Baba."

"Wa ya ba ka fuskata?"

Bai jira amsata ba.

"Ni ban tsaya maka ba ko sau ɗaya," ya ce. "Ashe duk shekarun nan da kake durƙusawa kana gaishe ni, aunawa kake yi."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Kuma maimakon in sunkuyar da kai, sai bakin nan nawa da ba ya jin kwaɓa ya buɗe. Na fara kawo masa zancen zamani, na ce limamin Juma'a ma yana da hoto, na ce alhazai ba sa hawa jirgi sai da shi. Ya bar ni har na ƙare.

"Ban tambaye ka fatawa ba," ya ce. "Ka kashe ni a gaban duniya, ka sa 'yar mutane ta yi mini kukan ƙarya, ka sa an yi mini fatiha ina raye, ka kusa kashe mini ƙanwa a hanya. Wannan duk zan iya haɗiyewa. Amma gobe in aka tsayar da kai aka ce ka busa wa wannan rai, ni za a kawo a tsayar a gefe a duba ko ya yi kama. Ba na son in tsaya a wurin nan ina kallonka. Je ka kawo shi."

A nan ne na gane ba kansa yake ji wa tsoro ba, kuma ganewar ta fi faɗan ciwo.

Na koma Kano na tono shi a ɗakin ajiyar mai fim ɗin, ƙarƙashin tsofaffin katifu, ɓera har ya ci gefen firam ɗin. Na naɗe shi a buhu na riƙo shi a cinya har Kudan. Lokacin dafa rake ne, na sami Baba a bakin murhu yana juya ruwan a kasko. Bai ce in buɗe ba. Ya nuna mini gatari, ya nuna mini wutar. Na faskara aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwata na tura shi ƙarƙashin kaskon da hannuna. Fenti in yana ƙonewa wari gare shi, amma Baba bai matsa ba, bai kuma daina juyawa ba.

Da ya cinye sai ya ce, "Na cikin wayar fa?"

Na gaya masa gaskiya. Na ce wannan ba ya ƙonuwa, yana intanet, yana wayoyin mutane, duk wanda ya tura wa wani ya zama biyu.

"To bi su ka goge," ya ce. "In ka gama ka zo mu yi maganar yafiya."

Daga ranar babu abin da ke shiga tsakanina da shi sai gaisuwa. Yana amsawa cikakkiya, ba ya ragewa, amma in ta ƙare sai ya ɗauki carbinsa.

Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Mai fim ɗin mutumin kirki ne, ya yanke wurin daga wanda ke hannunsa. Amma wanda ya riga ya fita ya fita. Na bi rumfunan masu tura fina-finai a waya, na Kudan, na Makarfi, na Ikara, ɗaya bayan ɗaya, ni da furfurata ina roƙon mutane. Wasu su goge a gabana don kunyar ido, in na dawo wata kasuwar in tarar ya dawo. Wani a Makarfi ya yi dariya ya ce mini, "Oga, ai tun da ka fara yawon nan babu fim ɗin da ake nema kamarsa." Ban san lokacin da na ci kwalarsa ba. Aka taru aka raba mu, labari ya ƙara girma. Daga nan ma sai aka yanko wurin hoton kaɗai ana turawa, ba sai mutum ya kalli fim ɗin ba. Da na yi shiru tun farko, wataƙila da ya mutu da kansa, ni na yi ta hura shi.

Baba kuma ya sha nasa. Abokan wasansa a kasuwa in sun hango shi sai su ce, marigayi, yaushe aka dawo. Ya yi murmushi sau ɗaya, sau biyu, daga nan ya daina zuwa kasuwar, ƙanena ya koma kai kayan. Mutumin da ba ya zama, sai ga shi yana wuni a zaure. Ban ce ni na sa masa ciwo ba, likita ya ce ƙoda ce. Amma na san lokacin da ya fara ramewa, kuma na san abin da ya zo kafinsa.

Ni ma abin bai bar ni ba. Ina cikin mota daga Zariya sai in ji kukan jarumar nan ya tashi daga wayar wani a kujerar baya. Ba sai na waiwaya ba, na san abin da ke bangon. Na san daƙiƙar da za a ce amin. Sau biyu ina sauka a hanya tun ban kai inda za ni ba.

Shekara biyu muka yi a haka. A damina ta biyu jikinsa ya yi tsanani, likita ya ce mu mayar da shi gida. Wata rana bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, aka ce yana kirana. Na shiga ɗakinsa. Inna na zaune wajen ƙafafunsa tana yi masa fifita. Na durƙusa na gaishe shi, wannan karon bai iya kai gaisuwar ƙarshe ba.

"An gama gogewa?" ya ce.

Na san in na ce a'a zai juya fuskarsa bango, kuma na san babu sauran wata damina da za mu yi wannan maganar. Shekara biyu ina jiran kalma ɗaya daga bakinsa. Tsoro ne ya kama ni, ba tausayinsa ba, tsoron ya tafi ya bar ni a haka.

"An gama, Baba."

"Duka?"

"Duka. Ko ɗaya bai rage ba."

Ya daɗe yana dubana. Maficin Inna ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"In dai haka ne," ya ce, "na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka."

Ya ɗago hannu da ƙyar ya ɗora a kaina. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, shi kuma ya ɗauka na farin ciki ne, ko kuma bai ɗauka ba, ban sani ba har yau. Bayan kwana huɗu ya cika da safe, muka kai shi kafin azahar. Masu ta'aziyya suna ta ce mini na yi sa'a, mun rabu lafiya. Ina cewa alhamdu lillahi.

Ranar sadakar uku, da maza suka watse da hantsi, na shiga cikin gida in gaida Inna. Tun daga tsakar gida na ji kukan nan da na sani. Na ɗaga labulen ɗakinta na same su sun haɗa kai a kan wayar ƙanwata, Inna da Gwaggo da 'yan'uwana mata. Zuciya ta ɗebe ni, na yi kan wayar zan fizge.

"Kai, zo nan," in ji Inna. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. "Yana wucewa da sauri, ba na samun ganinsa. An ce ana iya tsayar da shi."

Na janye hannuna. Sannan na durƙusa, na karɓi wayar, na mayar da shi baya, na tsayar mata daidai inda kyamara ta cika da fuskarsa. Ta karɓa ta kawo kusa da idonta. Gwaggo tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi.

"Shekara hamsin ina zaune da mutumin nan," in ji Inna, "kunya ba ta taɓa barina na kalle shi haka ba."

Na jira sauran suka fita ɗauko abinci, na matsa kusa da ita.

"Inna, kina ɗakin ranar nan. Kin ji abin da na gaya masa."

"Na ji."

"To yafiyar nan, ta hau ni ko ba ta hau ni ba?"

Ba ta ɗago ido daga wayar ba.

"Wannan ba ni za ka tambaya ba," ta ce. "Sai kun haɗu."

Da ƙanwata ta dawo, Inna ta ce mata ta bar mata wayar gaba ɗaya, kuma kada kowa ya goge mata wannan, har da ni. Uba ya ce a goge, uwa ta ce a bari, kuma wanda ya ce a goge ya tafi a kan cewa an goge. Yanzu shekara uku ke nan. Idonta ya ƙara rauni, hannunta yana rawa, ba ta iya danna wurin da kanta. Duk zuwan da na yi Kudan, da mun gama gaisawa sai ta zaro wayar daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini in tsayar mata da shi, ni kuma ina tsayarwa.